Bishiyar da ba ta turmi, ba ta allo

A arewa da garin Merthyr Tydfil, can kudancin Wales a ƙasar Birtaniya, babbar hanyar mota tana ratsa wani kwari da ake kira Taf Fawr. Duwatsun farar ƙasa ne suka saka kwarin a tsakiya, wasunsu tsaye ƙyam, ba sa hawuwa sai da igiya. A jikin biyu daga cikinsu, Darren Fach da Penmoelallt, akwai wata bishiya wadda duk faɗin duniya nan kaɗai take tsirowa da kanta. Waɗanda suka fito a jikin dutsen ba da hannun mutum ba, an ƙirga su an sake ƙirgawa, ba su cika ashirin ba. Ƙungiyar IUCN mai bin diddigin halittun da ke neman ƙarewa ta ajiye ta a mataki na ƙarshe kafin a ce ta ɓace daga daji.

Sunanta a wajen masana tsirrai Sorbus leyana. An ɗauko shi daga sunan Augustin Ley, wani limamin coci daga yankin Hereford wanda ya raba rayuwarsa tsakanin hidimar mabiyansa da bin duwatsu yana tsintar ganyaye. Shi ya fara cin karo da ita a 1896. Ya rasu a 1911, sai a 1934 A. J. Wilmott, masani a gidan adana tarihin halittu na Landan, ya bayyana ta a matsayin jinsi mai zaman kansa, ya sa mata sunan marigayin. Danginta na nesa su ne furen wardi da tuffa. Na kusa kuwa wasu bishiyoyi ne da Turawan Ingila ke kira whitebeam saboda farin da ke bayan ganyensu, kuma da yawansu halinsu ɗaya da nata: kowace tana maƙale a kwari ɗaya ko dutse ɗaya. A rahoton da IUCN ta fitar a 2019 kan bishiyoyin Turai, kusan kashi uku cikin huɗu na jinsunan Sorbus 170 suna cikin haɗari.

Ni gandun daji na karanta, shi nake koyarwa, wani ɗan kwas kuma ya kai ni Wales a lokacin kakarsu. Na jikin dutse sai dai hange daga ƙasa. Wadda na taɓa da hannuna dasawa ce, a babban lambun tsirrai na Wales da ke Carmarthenshire, inda ake rainon irin don kada ya salwanta. Ganyen bai fi tsawon yatsa da ɗan ɗori ba. Samansa kore ne mai duhu, da santsi. Idan ka juya shi sai ka tarar da baya toka-toka, lulluɓe da wani siririn gashi mai taushi wanda ido ba ya rarrabewa, sai yatsa ya shafa yake jin sa. Gefen ganyen a tsattsage yake, tsagar da ke kusa da gindi ta fi zurfi, ta kusa cin rabin hanya zuwa jijiyar tsakiya, sauran suna raguwa har zuwa tsini. 'Ya'yan jajaye ne wur, cure a gungu, kowanne kimanin santimita ɗaya, kuma a ƙasan kowane ɗa akwai busasshen ragowar fure irin wanda ake gani a ƙasan tuffa. Nan zumuncin ya fito fili. Da iska ta taso, ganyayen suka kifa bayansu sama, bishiyar da take kore yanzun nan ta koma fari-fari.

Da na dawo gida na je gaida Baffa, ƙanen mahaifina, wanda sassaƙa ce sana'arsa tun yana saurayi. Na miƙa masa waya ya ga hoton. Ya nisanta ta da fuskarsa, ya daɗe yana dubawa.

"Tana turmi?"

"A'a, Baffa, gindinta bai kai ba."

"Allo fa? Ko ƙota?"

"Ai ba a saranta ma."

"Ana jiƙa sassaƙenta? 'Ya'yan nan ana ci?"

"Tsuntsaye dai suna ci."

Ya miƙo mini wayar. "To ɗana, me ake yi da ita?"

Baffa ya fi ni sanin itace nesa ba kusa ba. Da ƙamshin ɓawo yake gane ƙirya, ya san ita ce ta turmi da gawayin maƙera, aduwa ta allo ce, kuka ta miya da igiya, ɗorawa ta daddawa, gawo kuwa a bar shi a gona don albarkar da ke ƙarƙashinsa. Tambayarsa ta mai ilimi ce, kuma ita ce tambayar ɗalibaina, ita ce ta duk wanda ke riƙe da kasafin kuɗi. Amsar da aka saba bayarwa a azuzuwa da tarurruka ita ce, wa ya sani, wataƙila nan gaba a gano magani a jikinta. Wannan amsa ba ta gamsar da ni, domin ta riga ta miƙa wuya. Abin da take nufi shi ne a ɗaga wa bishiyar ƙafa har a gama bincike, in ba a sami komai ba a kawo gatari. Ni kuwa abin da ke damuna shi ne ko halittar da aka bincika ƙwaƙwaf aka tabbatar ba ta da abin da za ta tsinana wa ɗan Adam tana da wani haƙƙi a kanmu.

Mai karatu zai ce ai an gama wannan magana a farkon Suratul Baƙara, inda aka sanar da mu cewa abin da ke bayan ƙasa dominmu aka halitta shi. Gaskiya ne. Sai dai malaman tafsiri irin su Baidawi ba su taƙaita wannan ga ci da sha da sutura ba. Sun ce amfanin iri biyu ne, na duniya da na addini, na addinin kuwa shi ne mutum ya duba ya yi tunani ya gane Mahalicci. Da wannan ma'auni bishiyar Ley ta riga ta biya kuɗin zamanta, ko da a wajena ni kaɗai. Amma ko wannan bai kai ƙarshen zancen ba. Kafin 1896 bishiyar tana nan a jikin dutse ƙarni bayan ƙarni, tana fure da bazara, tana zubar da ganye da sanyi, babu mai dubawa balle ya yi tunani. Shin duk waɗannan shekaru a banza ta yi su, tana jiran wani limamin coci ya zo ya ba zamanta ma'ana? Suratul Isra'i ta ba mu labarin cewa babu wani abu da ba ya tasbihi, mu ne dai ba ma fahimtar tasbihin. Suratul Hajji ta lissafa bishiyoyi cikin masu sujada. Ke nan akwai wata hulɗa tsakanin wannan bishiya da Ubangijinta wadda babu mu a ciki, ba da mu aka fara ta ba, ba kuma don mu ake yin ta ba.

Duk wanda ya je aikin Hajji an ja masa kunne a kan itatuwan Harami. Asalin hukuncin yana cikin huɗubar Manzon Allah, sallallahu alaihi wasallam, lokacin buɗe Makka, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito: ya hana a sare itacen garin, ya hana a razana dabbar dajinsa, ya hana a yanke ɗanyar ciyawarsa, har ƙaya bai bari a cire ba. Sai baffansa Abbas ya nemi a keɓe wata ciyawa mai ƙamshi da ake kira izhir, saboda maƙera suna aiki da ita, ana kuma sa ta a rufin ɗakuna. Aka keɓe ta. Malamanmu na Malikiyya kuma suka bayyana cewa hanin ya shafi abin da ke tsirowa da kansa ne, ba abin da mutum ke shukawa ba. Na san wannan hukunci na Harami ne, Wales ba Harami ba ce, kuma ba fatawa nake ciro wa kowa ba. Tsarin tunanin nake so a duba. Ƙaya, wadda ba ta da abin yi sai sukar ƙafa, ta shiga cikin kariya. Ciyawar da aka san amfaninta ita ce aka ba da izinin yankewa. A wurin da ya fi ko'ina alfarma a bayan ƙasa, amfani ya zama hujjar ɗauka, hujjar bari kuwa daga wani waje ta fito.

Ba sai an je Makka ake ganin haka ba. Madobiya tana da amfani ta ko'ina: ganyenta abincin shanu ne da rani, jan ruwan jikinta magani ne, katakonta mai nauyi ne mai ƙarko. Da kasuwar kujeru da gadajen alfarma ta ƙasar Sin ta farga da ita, 'yan shekaru kaɗan aka ɗauka aka yi mata kaca-kaca a dazuzzukan Taraba. 'Yan katako suna kiranta madrid, tireloli kuma suka yi ta fita da gungumenta zuwa tashar jiragen ruwa. A 2017 aka shigar da ita sahun itatuwan da yarjejeniyar CITES ta ce ba a cinikinsu tsakanin ƙasashe sai da izini, a 2018 kuma IUCN ta ayyana ta cikin masu fuskantar ƙarewa. Babu wanda ya taɓa tsayawa yana tambayar me ake yi da madobiya. Kowa ya san amsar, sanin amsar kuma shi ya kawo zarto. Saboda haka idan muka jingina kare halitta da amfaninta kaɗai, mai amfanin za ta tafi saboda amfaninta, marar amfanin kuma ta tafi saboda babu mai tsaya mata.

Hujjar bari na same ta a fili a hadisai biyu. Na farko Bukhari da Muslim suka ruwaito shi daga Abu Huraira: wani Annabi daga cikin annabawa tururuwa ta cije shi, ya sa aka ƙone gidan tururuwar baki ɗaya, sai aka yi masa wahayi ana tuhumarsa da halaka al'umma guda mai tasbihi saboda cizon guda ɗaya. Ba a ce masa tururuwa tana gyara ƙasa ba, ko da yake tana gyarawa. Abu biyu aka ambata, kasancewarta al'umma da kuma tasbihinta. Na biyu yana cikin Abu Dawud da Tirmizi, inda Manzon Allah ya bayyana cewa abin da ya hana shi ba da umarnin kashe karnuka gaba ɗaya shi ne kasancewarsu al'umma daga cikin al'ummai. Imam Khaɗɗabi, wanda ya rasu a 388 bayan Hijira, da ya zo kan wannan hadisi a sharhinsa Ma'alimus Sunan, ya fahimci cewa Annabi ya ƙi a shafe wani jinsi na halitta har ya zama babu sauransa, domin babu abin da Allah ya halitta face da wata hikima a cikinsa. Kusan shekara dubu kafin a fara buga jerin halittun da ke neman ƙarewa, wani malamin hadisi ya riga ya raba tsakanin kashe ɗaya da shafe iri.

Sai dai a nan bishiyar Ley take da wuyar sha'ani, kuma ba na so in tsallake wurin. Tururuwa da karnuka al'ummai ne da ba wanda ke musu. Ita fa? Har zuwa kimanin shekara 11,700 da suka wuce, ƙanƙara ce ke riƙe da tsaunukan Wales, babu bishiyar da za ta rayu a can. Da ƙanƙarar ta janye, itatuwa suka dawo daga kudu. Cikinsu akwai Sorbus aucuparia, wadda Turawa ke kira rowan, mai ganye rabe-rabe jere a kan kara ɗaya, akwai kuma masu farin bayan ganye da ke son jikin dutse, waɗanda ganyensu dunƙule yake ba rabuwa. Wata rana wani ƙwaro ya kwaso ƙurar furen ɗaya ya kai wa ɗayar, iri ya faɗa tsagar dutse, ya tsiro. Ganyen da na riƙe a hannu shaidar wannan haɗuwa ce: tsagar da ta ci rabin hanya ta tsaya gadon rowan ce, tokar bayan kuma gadon ɗayar. Bishiyar Ley ruwa biyu ce, kuma a ma'aunin shekarun itatuwa jaririya ce.

Mun san irin wannan a gida. Jaki da goɗiya suke haifar alfadari. Ƙwayoyin gadon da masana ke kira kuromosom, na doki 64 ne, na jaki 62, alfadari ya tashi da 63, adadin da ba ya rabuwa biyu daidai, shi ya sa ba ya haihuwa. Haka lissafin yake a nan: rowan tana da 34, ɗayar tana da 68, 'yar ta tashi da 51. Bisa ƙa'ida da ta yi zamaninta ita kaɗai ta mutu babu magaji. Amma an buɗe mata wata ƙofa da ba a buɗe wa alfadari ba. Ƙwayar irinta tana ƙulluwa daga jikin uwa kai tsaye, gadon uba ba ya shiga, kowace 'ya ta fito kwafin uwarta. Ta haka jinsi sukutum zai iya faro daga bishiya ɗaya tak. Wasu 'yan'uwa da zarar sun ji an ce sabon jinsi ya ɓullo sai hankalinsu ya tashi, su ɗauka ana neman raba halitta da Mahaliccinta. Ni ban ga abin tsoro ba. A Suratun Nahli an ambaci alfadari a jere da doki da jaki cikin abubuwan da Allah ya halitta, alhali kowane Balarabe ya san ta inda alfadari yake fitowa. Sanin sababi bai cire shi daga halittar Allah ba. Ayar kuma ta ƙare ne da sanar da mu cewa yana halittar abin da ba mu sani ba.

A tsibirin Arran na Sikotland ana ganin abin hawa-hawa. Rowan ta haɗu da mai farin ganye ta dutse aka sami Sorbus arranensis. Wannan ta sake haɗuwa da rowan aka sami Sorbus pseudofennica. Ita ma ta sake, aka sami Sorbus pseudomeinichii, wadda sai a 2006 aka bayyana ta daga kwarin Catacol, kuma abin da aka sani nata a daji bai wuce bishiya ɗaya ko biyu ba. Ana iya tsayawa a kwari ɗaya a ga kaka da uwa da jika, kowace jinsi daban.

To bishiya ɗaya al'umma ce? Kwafi goma sha wani abu na uwa ɗaya al'umma ne? Masana tsirrai su kansu ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. Wasu suna ganin an cika yanka jinsuna ƙanana-ƙanana, gara a tattara su a ƙarƙashin suna ɗaya. A 2017 ma wasu masana biyu, Sennikov da Kurtto, sun sake rarraba gidan Sorbus, bishiyar Ley ta koma Hedlundia leyana a littattafan da suka bi su. Iyakokin nan mu muke shata su, mu kuma muke gogewa. Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne ayar Suratul An'am da ta sanya faɗuwar ganye guda cikin abin da ilimin Allah ya kewaye. Sanin da ya sauka har kan ganye ɗaya ba ya jiran taron masana su yanke shawarar ko jinsi ne ko ba jinsi ba. Abin da ba a musu a kansa shi ne wannan siffa, wannan tsagar ganye da wannan jan ɗa, an yi ta a wuri ɗaya, idan ta tafi babu inda za a je a ɗebo wata. Ma'anar da Khaɗɗabi ya hango, wato kada a shafe wani nau'i har ya zama babu sauransa, ta hau kanta daidai.

Suna bai ƙara mata komai a wajen Ubangijinta ba, amma mu sai da shi muke gani. A Watersmeet, cikin yankin Devon na Ingila, tun shekarun 1930 aka lura wata bishiya a bakin hanya ta bambanta da danginta. A jikinta an kafa allon hana ajiye mota da ƙusa. Wanda ya buga ƙusar ba mugu ba ne, gungume ya gani a inda yake bukatar gungume. Sai a 2009 aka tabbatar jinsi ce daban, aka sa mata suna Sorbus admonitor, kuma duk abin da ke akwai nata bai wuce ɗari da 'yan kai ba. A shekarar nan sababbin bishiyoyi 14 na wannan dangi aka bayyana a Birtaniya da Ailan, yawancin aikin ta hannun Tim Rich, wanda a lokacin yake aiki a gidan tarihi na Wales da ke Cardiff. Ɗaya daga cikinsu tana ɗauke da sunan Libby Houston, marubuciyar waƙoƙi mai hawan dutse, wadda ta daɗe tana sauka da igiya a bangon kwarin Avon na Bristol tana duba bishiyoyi ɗaya bayan ɗaya. Bishiyar da aka sa wa sunanta guda ɗaya ce aka sani. Ina girmama irin wannan aiki. Mu da muke karanta cewa an sanar da babanmu Adamu sunaye tun kafin a saukar da shi ƙasa, bai kamata mu raina wanda ya rataya ransa a igiya don ya bambance ganye da ganye ba.

Akwai wata tuhuma da ta fi tambayar Baffa nauyi, kuma ina jin ta a jikina. Na fito daga ƙasar da yara ke kwana da yunwa, ake korar mutane daga ƙauyukansu. Da wane ido zan tsaya ina jimamin bishiya goma sha wani abu a Wales? Ba ni da wata-wata a nan: ran ɗan Adam yana gaba. Da za a ce ga yaro ga bishiyar Ley ta ƙarshe, ɗaya za a ceta, yaron za a ɗauka, kuma duk wanda ya yi jinkiri akwai abin da ke damun zuciyarsa. Amma da wuya rayuwa ta kawo zaɓin a haka. Abin da bishiyar take bukata shinge ne da zai tare tumaki, da mai tsinto iri, da ɗan fili a lambu. A 1947 Birtaniya ba ta daɗe da fita yaƙi ba, har burodi da kati ake rabonsa. A wannan shekara Tudor Watkins, tsohon mahaƙin kwal mai wakiltar Brecon da Radnor, ya tashi a majalisar dokoki ya yi ƙorafin cewa atisayen harbin da sojoji ke yi yana barazana ga wata 'yar'uwar bishiyar Ley, Sorbus minima, wadda shi Ley ɗin ne ya gano ta a 1893 a duwatsun Craig y Cilau. Aka dakatar da harbin a wurin. Babu wanda ya rasa burodinsa saboda haka. A abin da na gani a aikina, hannun da ke share daji ba don ciyar da mayunwata yake sharewa ba, kuma mutanen da suka saba da cewa abin da ba ya kawo riba ba shi da haƙƙin zama, ba a kan itace kaɗai suke tsayar da wannan hukunci ba. Tsoho da ya daina noma da majinyacin da ba zai warke ba suna jin sa a jikinsu.

Wani kuma zai ce komai mai ƙarewa ne, jinsuna nawa suka zo suka wuce kafin a halicci mutum, me ya sa za mu riƙe wadda ajalinta ya zo? Ita kanta bishiyar Ley ba ta da yawan iri mai tsirowa, mai yiwuwa ko babu mu ta ƙare wata rana. Haka ne. Amma kowane mutum ma zai mutu, hakan bai halatta kisa ba, bai kuma hana jinya ba. Sannan ba ajali kaɗai ya kai ta bakin dutse ba. Tumakin Wales sun ninka mutanenta kusan sau uku, kuma duk tsiron da ya fito a inda baki zai kai, an cinye shi. A Arran barewa da tumaki ne suke wannan aiki. Shi ya sa ake samun waɗannan bishiyoyi a inda kofato ba ya takawa. Dabbobin kiwo namu ne, abin da suka ci da hannunmu a ciki. Wanda ya taya ɓarna, gyara ya hau kansa gwargwadon ikonsa. Abin da ya wuce haka ihsani ne, an kuwa wajabta kyautatawa a kan komai, har dabbar da za a yanka.

Gyaran ma ba ya zuwa da tsabtar da mutum zai so. Binciken da aka yi a kwarin Avon ya nuna cewa masu kuromosom 51, duk da gadon uba ba ya shiga 'ya'yansu, ba sa ƙulla iri sai ƙurar fure ta sauka a kansu, kuma tasu ba ta yi musu aiki, sai ta wani jinsi na kusa. Bishiyar Bristol, Sorbus bristoliensis, da ƙurar Sorbus aria take dogara, wadda gama-gari ce a kudancin Ingila. Wanda ya kewaye mai wuyar samu ya sare gama-garin da ke gefenta ya kashe wadda yake son ceta. A gefe guda kuma waɗannan bishiyoyi ba sa jure inuwa. A kwarin Avon wani itacen oak da ba ya zubar da ganye, wanda aka shigo da shi daga ƙasashen Bahar Rum, ya bazu yana rufe su, dole ake sare shi don rana ta sauka.

Nan na fi daɗewa ina juya magana. Idan darajar bishiya daga tasbihinta take, itacen oak ɗin ma yana tasbihi, kuma ba shi ya kawo kansa Bristol ba. Da wace hujja za a sare mai ibada don wani mai ibada ya sha rana? Ban sami mafita ba sai ta rabewar nan ta Khaɗɗabi. Hadisin da ya hana shafe karnuka bai hana kashe mai cutarwa daga cikinsu ba, kuma a wata ruwayar labarin tururuwa an nuna wa Annabin nan cewa da guda ɗayar ya tsaya a kanta. Itacen oak yana da dazuzzuka a Sifaniya da Italiya, idan aka sare ɗari a Bristol al'ummarsa tana nan. Idan inuwarsa ta rufe 'yan ɗaruruwan da ke jikin dutsen Avon, an rufe wani nau'i gaba ɗaya. Saboda haka da za a miƙo mini gatari a wannan kwari zan karɓa. Zan yi bisimilla, in sare wanda ya tare rana, in bar wanda bai tare ba, kuma kafin in ɗaga hannu sai na tabbata na gane Sorbus aria da ke tsakaninsu don kada gatarin ya same ta.